Amsa ga mai tambaya kan Ferguson da Aberdeen

Salam ɗan uwa, na ga tambayarka cewa wai da gaske ne koci Alex Ferguson ya taɓa cin wani abin kirki kafin ya zo Man U, kuma wai banda Celtic da Rangers akwai wani kulob a Sikotland da ya san daɗin kofi. Amsar duka biyun ɗaya ce, Aberdeen. Ni dai na daɗe ina bin ƙwallon ƙasar nan, tun kafin su Aribo da Bassey da Balogun su sa 'yan gidan kallo su fara neman a kamo musu wasan Rangers, to bari in gaya maka abin da na sani.

Shi kulob ɗin a 1903 aka kafa shi, ƙananan kulob uku na garin ne suka haɗe, filinsu Pittodrie a bakin teku can arewa maso gabas, ana musu kirari da Dons. Abin da ya fi burge ni a tarihinsu na farko shi ne haƙuri, daga 1903 har 1955 koci uku kacal suka yi, Jimmy Philip, Paddy Travers sai Dave Halliday. Biyun farko sun tafi ba kofi, shi Halliday sai da ya shekara goma kafin ya ɗauko kofin ƙalubale na ƙasar a 1947, sannan ya ci musu lig na farko a 1955 ya wuce Leicester. Yanzu wa zai jira ka shekara goma? Bayansa an ɗan riƙa tsinta jefi jefi, Davie Shaw ya ci kofin lig, Eddie Turnbull ya doke Celtic 3-1 a fainal na 1970 lokacin da Celtic ɗin koci Jock Stein ke ji da kanta a duk Turai, Ally MacLeod ya ci kofin lig a 1976 ya tafi riƙe tawagar ƙasa, Billy McNeill tsohon ɗan wasan Celtic ya yi kaka ɗaya Celtic ta janye abinta.

Sai 1978 Ferguson ya zo, kuma ka sani ba da girma ya zo ba, korarsa St Mirren ta yi, shekarunsa 36 a duniya. A shekara takwas da 'yan watanni ya ci lig uku, 1980 da 1984 da 1985, kofin ƙalubale huɗu wanda uku a jere ne daga 1982 zuwa 1984 sai na 1986, kofin lig ɗaya, ga kofin Turai biyu. Lig ɗin 1980 kuwa shekara 15 ke nan rabon da wani ya ɗauka in ba Celtic ko Rangers ba.

Amma wallahi in ana maganar Aberdeen to 1983 ake nufi. A gasar Turai ta masu riƙe da kofin ƙalubale, wadda yanzu an daina ta, sun haɗu da Bayern Munich a kwata fainal, aka tashi babu ci a Jamus, a Pittodrie Bayern ta shiga gaba har sau biyu amma Aberdeen ta ci 3-2. Ka nemi bidiyon a YouTube ka ga firikik ɗin da 'yan Aberdeen Strachan da McMaster suka yi kamar sun rikice sun kusa karo da juna, 'yan bayan Bayern suka saki jiki, Strachan ya ɗago ta McLeish ya sa kai, ba a gama murna ba Hewitt ya ƙara ta uku. Abin nan shiri ne tun daga filin atisaye, kuma duk wanda ya kalli Man U ta Fergie zai gane hannun. Fainal kuma ran 11 ga Mayu a Gothenburg ta Suwidin, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, abokiyar karawa Real Madrid, kocinsu Di Stefano da kansa. Eric Black ya fara ci, Juanito ya farke da fenariti, aka tafi ƙarin lokaci, McGhee ya kwaso kuros daga hagu John Hewitt da ya shigo canji ya faɗa mata da ka, 2-1. Ƙarshen shekarar suka doke Hamburg suka haɗa da Super Cup, wato kofin da masu riƙe da kofunan Turai biyu ke karawa a kai. In ka cire Super Cup, tun daga ranar Madrid ba ta sake faɗuwa a fainal na Turai ba, ka riƙe wannan saboda 'yan Madrid na majalisarku.

Kuma yaran nan ba sayo su aka yi da maƙudan kuɗi ba, duk 'yan ƙasa ne, Willie Miller kyaftin, McLeish, gola Jim Leighton, Neale Cooper, Neil Simpson, Black, Hewitt, yawancinsu a kulob ɗin suka taso. Shi ya sa ni a ra'ayina, kuma na sha faɗa a gidan kallo ana mini ihu, aikin da ya yi a Aberdeen ya fi na Man U wuya. A Man U ya tarar da kuɗi da suna da filin da ke cika, a Aberdeen tsoro ya tarar, 'yan wasa in za su Glasgow, garin Celtic da Rangers, tun a mota sun karaya, shi ya cusa musu cewa duk Glasgow da jaridunta ba sa ƙaunarsu don haka su je su ƙwata da ƙarfi. Kwana goma bayan Madrid sun ci Rangers 1-0 a fainal na kofin ƙalubale, kofi na hannu amma mutumin nan ya tsaya gaban talabijin ya wanke 'yan wasansa tas wai wasan abin kunya ne, Miller da McLeish kawai ya ware, daga baya dai ya ba su haƙuri. Masifar nan da kuka sani a Old Trafford ba a can ya koye ta ba.

Ya tafi a Nuwamba 1986, to daga nan ne labarin ke ba ni tausayi. Mutane na cewa kocin da suka biyo baya ne ba su iya ba, ni ban yarda da wannan duka ba, don a shekarar ce Rangers ta ɗauko Souness a koci ta fara zuba kuɗi tana kwaso 'yan wasan Ingila, tazarar ta buɗe. Duk da haka Alex Smith da Jocky Scott sun ci kofi biyu a kakar 1989-90, a 1991 kuma canjaras kawai suke nema a Ibrox, filin Rangers, ranar ƙarshe su ɗau lig, Hateley na Rangers ya zuba musu biyu. Shekara na zagayowa aka kori Smith, kuma ni a nan nake ganin haƙurin nan na da ya ƙare, kowa aka kawo sai a ɗora shi a sikeli da Fergie. Willie Miller da kansa bai tsira ba, Roy Aitken ya ci kofin lig a 1995 shi ma aka sallame shi, Ebbe Skovdahl ɗan Denmark ya ƙare na ƙarshe a tebur a 2000, ƙara yawan kulob a lig da kuma rashin filin da ya cika ƙa'ida a wajen kulob ɗin da ke neman hawowa ne suka hana su nitsewa. McGhee gwarzon Gothenburg ya dawo a koci Celtic ta yi masa 9-0 a 2010, abin ba daɗin ji.

A tsakiyar wannan akwai daren da mu ya shafe mu, Fabrairun 2008 zamanin Jimmy Calderwood, Bayern ta sake zuwa Pittodrie aka yi 2-2, kuma Sone Aluko wanda daga baya ya buga wa Super Eagles shi ya ci ta biyun, a Munich dai an ba su 5-1.

Wanda nake ganin ba a yi wa adalci ba shi ne Derek McInnes, 2013 zuwa 2021, ya ci kofin lig a 2014 bayan kusan shekara 19 ba komai, ya zo na biyu sau huɗu a jere, biyu daga ciki ma bayan Rangers ta dawo babban lig ne ya gama a samanta, amma magoya baya suka gaji da shi wai ƙwallonsa ba armashi. Bayan tafiyarsa an ga yadda ake canza koci, Glass, Goodwin wanda ƙaramin kulob Darvel na rukuni na shida ya fitar da shi a kofi a 2023, Robson, har dattijo Warnock ya leƙo 'yan makonni ya tafi. Sai Jimmy Thelin ɗan Suwidin ya ɗauko kofin ƙalubale a Mayun 2025, 1-1 da Celtic aka je fenariti gola Mitov ya tare biyu, na farko tun 1990. A waya na kalli wasan nan netwok na yankewa, kuma na ji daɗi har raina.

Jimilla dai zuwa 2025 suna da lig 4, kofin ƙalubale 8, kofin lig 6, Turai 2, kuma tun da suka hau babban rukuni a 1905 ba su taɓa faɗowa ba. Daga lig ɗinsu na 1985 har 2025, shekara 40 cur, ba wanda ya karɓe shi daga hannun Celtic da Rangers. In kana son ƙari ka bincika Dundee United ta Jim McLean, su suka ci lig ɗin 1983 kuma sun je fainal na Turai a 1987, tare suka hana manyan Glasgow barci a shekarun nan.