Amsa ga mai tambaya kan data da ke ƙarewa a tsakiyar shiri mai dogon zango

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce shirye-shirye uku kike bi duk mako a waya, datar wata ba ta kai miki kwana goma, wani lokaci ki buɗe sabon kashi ki tarar ba shi ba ne, kuma kafin ki samu zama ki kalla an riga an ba ki labarin ƙarshensa. Kin tambaya ko ki haƙura ki koma wajen masu turi. Kada ki yi gaggawa, gyaran yawanci yana cikin wayar da ke hannunki.

Mu fara da inda datar take zurarewa. YouTube in kin bar shi a kan zaɓinsa, shi ke tsayar da ingancin hoton gwargwadon ƙarfin sabis. Da zarar sabis ya yi kyau sai ya haura 720p ko 1080p ba tare da ya nemi izininki ba. A ƙiyasi, awa ɗaya a 720p tana cin wajen 1GB, wani lokaci fiye. A 480p wajen rabin haka, a 360p kuwa tsakanin 250MB da 300MB. To ki yi lissafi: shiri uku, kowanne kusan awa guda, sau huɗu a wata, awa 12 ke nan. A 720p kin tashi da 12GB ko sama, a 360p kuma ba za ki cika 4GB ba. Fuskar waya 'yar ƙarama ce, kuma fina-finanmu galibi zaman falo ne da zance, ba gudun mota ba, don haka 360p ba ya rage miki komai sai ɗan kaifin zanen leshi. Shi 144p kam ban ba ki shawara ba, fuskoki dagulewa suke yi har ki kasa bambanta uwargida da amarya.

Ga yadda ake yi. In bidiyo ya fara, ki taɓa fuskar wayar, ki danna alamar saiti a kusurwar sama ta dama, ki shiga Quality, sannan Advanced, ki zaɓi 360p. Inda mutane ke yin kuskure shi ne, wannan zaɓin na bidiyon da kike kallo ne kawai. Na gaba zai koma halinsa. In kina son ya zauna, sai ki shiga babban saitin manhajar, wajen Video quality preferences, ki sa Data saver a ɓangaren datar waya. Kina nan ciki ki kashe Autoplay, don shi ne ke ci gaba da jero bidiyo bayan barci ya kwashe ki da wayar a ƙirji. Ki kuma kashe Playback in feeds, wato bidiyoyin nan da ke motsi da kansu kina cikin dube-dube.

Wata ɓarakar da ba a lura da ita: haɗa talabijin mai intanet da datar waya. Talabijin ba ta san tsimi ba, mafi girman hoto take nema, kashi ɗaya sai ya lashe 2GB. In dole sai a babban allo saboda mutanen gida, ki saukar da shi 480p da rimot, ya wadatar a inci 32.

Mafi sauƙi duka shi ne saukewa da dare. Kamfanonin layi suna da tsarin datar dare mai araha, ki duba na layinki da sa'o'insa, don suna sauyawa. A ƙasan bidiyo akwai maɓallin Download, in masu tashar sun bar shi a buɗe. Ki zaɓi 360p, ki jona caji, ki kwanta. Gari na wayewa sai ki kalla ko da babu sabis, babu tsayawa babu zagayen nan mai cin rai. Abu biyu za ki sani: abin da kika sauke a cikin manhajar yake zaune, ba ya turuwa ta Xender, kuma sai wayar ta riƙa leƙa intanet lokaci-lokaci, in ba haka ba ya rufe. Sannan lokacin da ake haska shi kai tsaye ga kowa, ba ya saukuwa sai an gama.

Batun kashin bogi kuma, sana'a ce wasu suka riƙa. Za su ɗauki hoton jaruma tana kuka, su rubuta lambar kashin da bai fito ba, ki shiga ki tarar da tsohon kashi an yanyanka, ko hotuna tsaye wani yana surutu a kai. Kafin ki danna ki dubi abu uku: sunan tashar, tsawon bidiyon, da ranar da aka ɗora. Labarina a Saira Movies yake, Izzar So a Bakori TV. Kowane shiri yana da gidansa, kuma ana rubuta shi a farkon shirin ko ƙarshensa. Ki bi tashar ta asali, ki danna ƙararrawa, ki daina neman shiri ta hanyar rubuta sunansa a wajen bincike, don nan ne 'yan bogi ke dako. In kuma mako ya zo shiru, ba lallai an ɓoye miki ba ne. Galibi ana tafiya hutu tsakanin zango da zango, da yawa kuma suna dakatawa da azumi. Akwai kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. A 2025 ta dakatar da shirye-shirye 22 a lokaci guda kan batun kai su a tace kafin a saki.

Yanzu ga masu turi. Gaskiya akwai araha, kuma daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano har lungunan cikin gari ba ki rasa mai kwamfuta a ƙarƙashin lema. Amma araha ba ta ado. Sau da yawa an matse fayil ɗin har murya ta riga baki, ko a ba ki kashi babu ƙarshe, ga memori da ke kwaso cuta daga kwamfutar da ɗaruruwan wayoyi suka ratsa. Wanda ya fi damuna shi ne ɗaya ɓangaren. Tun da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta mutu, masu shirya fim suka koma dogon zango, abin da ke riƙe da su shi ne tallan da ke cikin shirin da kuma abin da YouTube ke biya gwargwadon kallo. Wanda aka tura miki a memori ba ya shiga lissafi ko sau goma kika kalla. Shi ya sa za ki ga shiri kowa na zancensa a gidan biki, amma ya tsaya a zango na biyu, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Wanda ake haskawa a Arewa24 kuwa, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, in kina da dish ko dikoda babu dalilin ƙona data a kansa. Ana maimaitawa, sai ki riƙe lokacin. Matsalar wuta ce kawai. Talabijin ta LED mai inci 32 da dikoda ba su wuce wat 60 ba a haɗe. Batir mai 12V da 100Ah, in za ki tsaya a rabinsa don ya yi ƙarko, zai riƙe su wajen awa 8 ta inbata, muddin ba a jona firji ko dutsen guga ba. In hoto yana yankewa ko ba hadari, a fara duba bakin wayar da ke shiga kan dish ɗin, ruwan damina ne ke shiga ya yi tsatsa. A yanke a sake ɗaurawa a naɗe da tef kafin a ce za a sayi sabo.

Masu ba da labari kuma, ba ki da maganin bakinsu, sai dai ki kauce. Daren da aka saki shiri, kada ki leƙa TikTok da Facebook, guntayen wuraren da suka fi zafi ake fara yankowa. Kada ki gangara wajen sharhi a ƙasan bidiyon, na farko-farkon nan su ne masu cewa wance ta mutu. A WhatsApp ki kashe saukar bidiyo da kansa, ki huta da ɓata labari da ɓarnar data gaba ɗaya. In kin zo yin naki sharhin, ki tuna an ɗauki zangon tun watanni, zagin marubuci ba zai sauya kashin mako mai zuwa ba, kuma wadda ta fito a muguwar kishiya aikinta ta yi. Tunda da dare kike saukewa, ki riƙa ɗan tsallaka shi da safe ki ga abin da ke ciki kafin yara su dawo daga Islamiyya su zagaye ki.