Tambayoyinku Kan Fasaha: Waya a Kan Dutse, Inda Babu Sabis

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokaina muna shirin tafiya da mota zuwa yankin tsaunuka, mu hau dutse da ƙafa, mu ɗauki hotuna. An ce can ciki babu sabis ko kaɗan. Shin idan sabis ya ɗauke, taswirar waya ma ta daina aiki ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abubuwa biyu ne ake yawan cakuɗa su: sanin inda kake daban, zanen taswira daban. Sanin inda kake aikin GPS ne, shi kuwa ba ruwansa da layin waya ko data. Wayarka sauraro kawai take yi. Tana kama saƙon taurarin ɗan'adam da ke zagaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,000, idan ta samu aƙalla guda 4 sai ta lissafa wurin da kake tsaye. Yawancin wayoyin yanzu ma suna haɗawa da wasu taurarin irin na GPS, wato Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin.

Zanen hanyoyin da sunayen wurare ne ke zuwa ta intanet. Idan ba ka sauke su tun kana gida ba, za ka ga shuɗin ɗigo yana motsi a kan fili fetal, ba titi ba kogi. A Google Maps, ka taɓa hotonka da ke sama ta dama, ka shiga wajen taswirar da ba ta buƙatar intanet, ka zaɓi yankin, ka faɗaɗa shi fiye da inda kuke nufi, domin tafiyar abokai ba ta rasa "mu ɗan leƙa can".

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar. Idan babu intanet, Google Maps hanyar mota kaɗai yake nunawa, ba ya ba da ta masu tafiya a ƙasa. Don hawan dutse na fi son Organic Maps ko OsmAnd, waɗanda ke amfani da bayanan OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa kai ke zanawa. Sukan nuna 'yan siraran hanyoyin ƙafa, kuma ana iya kunna layukan tsayi. Inda ka ga layukan sun matsu da juna, wurin a tsaye yake. Hanyar da ta zama taƙi guda a allo tana iya cinye muku rabin yini. A cikin kwazazzabo kuma, inda duwatsu suka tare sama, ɗigon kan yi tsalle-tsalle. Ku fita fili ku ɗan jira ya natsu.

Kafin ku tashi, ka kashe data da Wi-Fi ka buɗe manhajar ka gani da idonka. Kowa ya sauke a tasa wayar, kada a dogara da ta direba kaɗai. Sannan ku bar wa wani a gida bayanin hanyarku da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ku. Kiran agaji ta tauraron ɗan'adam da Apple ya fara da iPhone 14 a 2022 ba a kowace ƙasa yake aiki ba, kada ku sa shi a lissafi sai kun tabbatar.

Tambaya: Malam, na hau dutse da cajina kashi 40, muna isa sama wayar ta mutu. Da muka sauko ta kunnu da sauran caji. Batirin ne ya lalace?

Amsa: 'Yar'uwa, da wuya. Sanyi ne. A matsakaici, duk mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6.5, ga iska a kai. Batirin litiyam idan ya yi sanyi ba ya iya ba da wutar da ake nema a lokaci guda, sai wayar ta kashe kanta, alhali cajin na nan. Apple ma ya ce wayoyinsa an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. Ki riƙa ajiye ta a aljihun ciki, kusa da jiki, kuma kada ki jona ta a caji tana daskare, ki bari ta ɗumama.

Ɓarawo na biyu shi ne neman sabis. Inda sabis ya yi rauni, waya na ƙara ƙarfi tana laluben turken sadarwa, batir na tsiyaya. Ki danna alamar jirgin sama; GPS da kyamara za su ci gaba da aiki. Fawa bank mai 10,000 kuma kada ki ɗauka duka zai shiga wayarki, wajen kashi biyu cikin uku ne ke isa, sauran na tafiya wajen sauya ƙarfin wuta da zafi.

Tambaya: Dutsen da ya cika mini ido, a hoto sai ya fito ɗan mitsitsi, sama kuma fari fat. Sai na sayi babbar kyamara?

Amsa: Ka riƙe kuɗinka tukuna. Ainihin kyamarar waya mai faɗin gani ce, tana kwaso komai, shi ya sa abin da ke nesa yake ƙanƙancewa. Idan wayarka na da ruwan tabarau na 2x ko 3x, yi amfani da shi, amma kada ka ja allo da yatsu har ka wuce nan, domin yanke hoton kawai take yi tana buɗa shi. Ka sa abokinka ya tsaya can gaba a kan wani tudu. Ƙanƙantarsa ce za ta nuna girman dutsen. Batun sama kuwa, ka taɓa wuri mai haske a allon, ka ja alamar rana ƙasa har gajimare ya fito, ka bar HDR, wato tsarin da ke daidaita haske da duhu a hoto, a kunne. Da tsakar rana hazo na wanke launi, inuwa ta ɓace, dutse ya zama shafal. Da hantsi bai ɗaga ba ko bayan la'asar, haske na zuwa ta gefe, kowane tsagi ya bayyana. Kuma ka goge gilashin kyamarar, rabin "hazon" da ake kuka da shi maiƙon yatsa ne.

Tambaya: Yaya za mu raba hotunan ba tare da sun dusashe ba?

Amsa: WhatsApp na matse hoto, sai dai a tura shi a matsayin fayil. Tun kuna can, Quick Share a Android ko AirDrop a iPhone na aiki ba intanet. Idan kun dawo, mutum ɗaya ya buɗe kundin haɗaka a Google Photos kowa ya zuba nasa, amma ya tuna gigabait 15 na kyauta tare suke ci da Gmail da Drive. Hoton da aka tura a matsayin fayil yakan tafi da bayanin wurin da aka ɗauke shi, don haka a cire kafin a miƙa wa baƙo.