Ƙarar ƙas-ƙas a cikin inji: amsa ga yaron gareji

Ɗana, jiya ka tambaye ni abin da ya sa na hana ka sauke saman injin Hondar nan da aka kawo daga Samaru, alhali kowa a gareji ya ji tana ƙas-ƙas kamar agogon bango. Na ji daɗin tambayar, domin ita na yi wa maigidana a Sabon Gari a zamanin Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna. Saman inji ba a sauke shi a kan zato, sai kunne ya gama aikinsa.

Kafin sifana ta taɓa mota, ka tsayar da ita inda ƙasa take daidai, ka kashe ta na ɗan lokaci, sannan ka zaro gejin baƙin mai. Bawul-bawul suna can sama, inda mai yake isa a ƙarshe, saboda haka idan ya ragu ko filta ta toshe, su ne suke fara kuka. Ka murza man tsakanin yatsunka a cikin rana. Idan ka ga yana ƙyalli da garin ƙarfe, kada ka sake tayar da injin.

Idan mai ya cika kuma yana da kyau, sai saurare. Kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul, yana juyawa sau ɗaya ne a duk juyi biyu na karanshaf, babbar sandar ƙasa da fistin ke juyawa, shi ya sa ƙarar bawul siririya ce, daga sama take fitowa, kuma saurinta rabin saurin inji ne. Ƙarar mital, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa, daban take: tana da nauyi, daga ƙasa take zuwa, tana ƙaruwa idan an taka totur, kuma mai ita bai kamata ya kai ko Kwangila da motar ba. Ka ɗauki dogon sukundireba, ka kafa bakinsa a kan murfin bawul, ka danna mariƙin a ƙashin kunnenka, kana kiyaye rigarka daga fanka da bel. Ka riƙa matsar da shi daga silinda zuwa silinda har ka sami inda ƙarar ta fi ƙarfi. A kan injekta ma za ka ji ƙas-ƙas a jere, amma wannan aikinta ne, kuma bai halatta ka karɓi kuɗin mutum a kansa ba. Idan kuwa ƙarar ta yi tsanani da sanyin safiya, ta lafa bayan inji ya ɗau zafi, ka nemi baƙin tabon hayaƙi a bakin manifol ɗin salansa, domin ƙarfe yana buɗewa da zafi ya rufe ɓular gasket. Filogin da bai ɗauru ba shi ma yakan yi haka.

Ita Hondar nan man injinta a cike yake, kuma ƙarar tana kan murfin bawul da sanyi da zafi, don haka na ce tafet ne, wato ƙarfen da ke danna bawul ya buɗe. A nan nake so ka natsu. Injinta, wato na Accord mai lita 2.4, na 2003 zuwa 2007, yana da noti da sukuru na saita tazarar da ke tsakanin tafet da bawul, kuma ana yin saitin ne inji na sanyi: milimita 0.21 zuwa 0.25 a bawul ɗin shigar iska, 0.28 zuwa 0.32 a na fitar hayaƙi. A 504 muna ba su 0.10 da 0.25, wato kowane inji da ma'auninsa. Gejin auna tazara ya kamata ya shiga yana ɗan jan hannunka kaɗan, ba ya faɗa sakaka ba, ba kuma sai ka tura da ƙarfi ba.

Na taɓa matse bawul har inji ya yi tsit, don kawai in faranta wa mai mota, ya tafi yana sa mini albarka. Ba a daɗe ba ya dawo da silinda ɗaya a mace. Bawul ɗin hayaƙi yana sauke zafinsa ne lokacin da ya zauna daram a mazauninsa, to na hana shi zama, sai gefensa ya ƙone kamar ɓera ya gutsura. Daga aljihuna na biya wannan aikin, kuma har yau ina jin nauyin mutumin.

Golf 3 da ke jigila zuwa Kaduna tafet ɗinta da mai yake cika kansa, babu abin saitawa. Ƙarar daƙiƙa kaɗan da safiyar hunturu ba komai ba ce. Idan ta ƙi ɗaukewa, ka canza mai da filta, in ta ci gaba sai a sauya tafet ɗin. Kada kuma ka zuba mai kauri irin 20W-50 don ɓoye ƙara a injin da aka rubuta 5W-20 a murfinsa, domin mai kauri yana jinkirin hawa sama.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri, kuma kada kowa ya tayar da motar. Ka tanadi gejin auna tazara, da sifana lamba 10, da sabon gasket na murfi. Za mu kawo fistin na ɗaya sama a kan alamarsa, mu bi silinda 1, 3, 4, 2. Kai za ka riƙe sukundireba, kuma bayan ka ɗaure kowane noti za ka sake aunawa a gabana, domin sukuru yakan motsa wajen ɗauri.