Filin Makanikai: Mayar da Birkin Tsohuwar A-kori-kura Daga Diram Zuwa Diski

Wasiƙu biyar muka zaɓo a wannan fitowa, duk a kan aiki guda suke. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Tsohuwar a-kori-kura gare ni, ƙafa huɗun duk diram ne. In na yi lodi na biyo doguwar gangara, kafin in kai ƙasa birki ya daina ci. In kuma na ratsa ruwa sai ta riƙa fizgar sitiyari gefe guda. An ce in mayar da ita diski. Zai yi magani? Gaba da baya zan sauya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zai yi magani, kuma gaba kawai ya ishe ka.

Matsalar diram zafi ce. Rufaffen abu ne, lainin na goga daga ciki, zafin ba shi da mafita. Da ƙarfen ya ɗau zafi sai ya buɗe, ya yi nesa da lainin, feda ta ƙara nutsewa, shi ma lainin kamunsa ya ragu. Diski kuwa a fili yake, iska na dukansa ta ko'ina, ruwa ma in ya hau shi juyi kaɗan ya watsar. Fizgar sitiyarin ma daga ƙirar diram take: juyawarsa tana jan shu, wato ƙarfen da lainin ke manne a kai, ya ƙara cusa kansa, don haka ɗan bambancin saiti ko danshi tsakanin hagu da dama sai ya ninku. Sai dai kada a ruɗe ka. Lafiyayyen diram mai sanyi yana iya kulle taya kamar yadda diski zai kulle, kuma a taku na farko taya ce ke yanke nisan tsayawa. Ribar diski a taku na biyar da na goma take fitowa.

Duk sanda aka taka birki nauyin mota gaba yake komawa, shi ya sa ƙafafun gaba ke ɗaukar kusan kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na aikin. Su kansu kamfanonin da gaba suka fara: Chevrolet C10 ta samu diski a gaba a 1971, Ford F-100 a 1973, bayansu kuwa ya ci gaba da zama diram shekara da shekaru.

Hanya mafi aminci ita ce ka nemo ƙanwar motarka, wato irinta da ta fito da diski daga kamfani, ka kwaso kayanta gaba ɗaya: sifindil (sandar da ƙafar gaba ke juyawa a kai), hob, diski, kalifa (abin da ke matse diski) da maƙalarta, masta (famfon man birki), busta (mai ƙara wa ƙafa ƙarfin taku) da bawul ɗin raba ƙarfi. Mafi yawan masu kuka bayan wannan aiki kayan ƙafa kaɗai suka ɗauko, suka bar na cikin bonet. Fad (lainin diski), boris, sil da tiyon birki kuwa sababbi za ka saya. Diskin kwance a auna kaurinsa, akwai mafi ƙarancin kauri da aka buga a jikinsa, in ya gaza haka a ajiye shi. Idan maƙala za a ɗaura a tsohon sifindil, a yi amfani da kusoshi masu lamba 10.9 a ka, kuma kada kowa ya kawo walda kusa da sifindil.

Kafin ka sayi komai duba rim. Ramukan kusoshin na iya bambanta (C10 ɗin nan daga shida ta koma biyar lokacin da ta samu diski), kuma diski mai faɗin inci 11 galibi rim 15 yake buƙata. Ɗora rim ɗin ka juya shi da hannu, a samu tazarar aƙalla milimita 3 tsakaninsa da kalifa. Tsohon lainin na iya ƙunsar asbestos, mai illa ga huhu, don haka a jiƙa ƙurar a goge, ban da hura iska. Bayan an gama a je a yi saitin ƙafa.

Tambaya: Na sa diski a gaba, na bar tsohuwar masta. Da safe lafiya lau, amma bayan 'yan kilomitoci mota ta yi nauyi, rim ɗin gaba ba ya taɓuwa don zafi.

Amsa: Malam, birkinka ba ya saki ne, kuma mastar ce abin tuhuma na farko. A bakin mastar diram akwai wani ɗan bawul da ke riƙe ƙarfin mai na kusan psi 10 (psi ma'aunin matsi ne) a cikin bututu ko an ɗaga ƙafa. Diram na son hakan, domin sifirin ɗinsa masu ƙarfi ne, suna janye shu duk da wannan ƙarfin. Kalifa ba ta da irin wannan sifirin. Robar da ke zagaye da fistin ɗinta ce kaɗai ke ɗan janyo shi baya, tazarar ba ta wuce kaurin takarda ba. Psi 10 ya fi ƙarfinta, sai fad ya ci gaba da gugar diski, mai ya yi zafi ya kumbura, kamun ya ƙaru.

Ga yadda za ka gane. Lokacin da ta riƙe, ɗaga gaban a jak, ka sa mata abin tokara, ka sassauta nonon fitar da iska na kalifa. In mai ya yi tsartuwa taya ta saki, ƙarfin mai ne ya maƙale. Taka birki ta sake riƙewa, sannan ka sassauta bututun a bakin masta. In ta saki a nan, laifin na sama ne, wato a masta. In ba ta saki ba, tiyo ne ya ruɓe daga ciki, yana barin mai ya shiga ya hana shi komawa. Idan ko nonon ma bai sa ta saki ba, duba fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai, da fistin, da zaman maƙala ko ta karkace.

Akwai wani mai laifin da ake yawan mantawa: sandar da ke fitowa daga busta ta tura masta. In ta yi tsayi ko da kaɗan ne, fistin ba zai koma ƙarshe ba, sai ya toshe ɗan ramin da mai ke komawa tanki. Sassauta notin masta biyu ka ɗan janyo ta gaba. In taya ta saki, a rage sandar har a samu wasa na kusan rabin milimita.

Ko an cire ɗan bawul ɗin na psi 10, ba mu yarda ka zauna da wannan masta ba. Tankinta ƙarami ne, alhali duk cin da fad ya yi fistin na ƙara fitowa yana jan mai. In kuma mai layi ɗaya ce, tiyo guda ya fashe ka rasa birkin ƙafa huɗu. Saka mai layi biyu wadda aka ƙera don diski gaba, diram baya, babban tankin ya tafi gaba. Layin baya ya riƙe bawul ɗinsa na psi 10. Layin gaba ba ya buƙatar komai, sai in mastar a ƙarƙashin daɓen mota take, ƙasa da kalifa, nan ake sa na psi 2 don kada mai ya gangaro.

Tambaya: Makanikena ya sa mini babbar masta, ya ce za ta fi ƙarfi. Yanzu feda ta yi tauri kamar dutse, mota kuma ba ta tsayawa.

Amsa: Lissafin a juye yake, Malam: babbar masta mai take turawa da yawa, amma ƙarfin matsi raguwa yake. A ce ka taka da nauyin kilo 45, feda kuma tana ninka ƙarfin ƙafa sau 6. Masta mai faɗin inci 7/8 za ta ba da kusan psi 1,000. Mai inci 1 ta ba da wajen 760. Mai inci 1 da 1/8 kuwa 600 kacal. Diski ba ya taimakon kansa yadda diram ke yi, tsayawar gaggawa na neman psi 900 zuwa sama da 1,000.

Don haka in babu busta, zauna tsakanin inci 7/8 da inci 1, fedar ta kasance mai ninki 6. In da busta, inci 1 zuwa 1 da 1/8 ya yi, da ninki wajen 4. Ana gane ninkin ne ta auna daga madogarar feda zuwa inda ƙafa ke taka, a raba da nisan madogara zuwa inda sanda ta maƙale. Idan akwai busta amma feda na da tauri, kashe inji, taka sau biyar, riƙe, sannan ka tayar. Ya kamata feda ta ɗan nutse. In ba ta motsa ba, zuƙon iska bai isa ba: ana son wajen inci 18 a ma'aunin zuƙon iska lokacin da inji ke silo. Duba tiyon da bawul ɗinsa. Injin dizal kuwa sai da famfon zuƙo na musamman.

Tambaya: Mun yi bilidin, wato fitar da iska daga birki, har mun gaji, feda tana nan da laushi.

Amsa: Leƙa ka ga inda nonon kalifa yake. Dole ya zama a sama da inda tiyo ya shiga. In yana ƙasa, an musanya ta hagu da ta dama, iskar na can saman fistin, ko jarka guda ka zuba ba za ta fita ba. In wannan daidai ne, a ciro masta a fitar mata da iska ita kaɗai a kan benci, sannan a bi ƙafafu daga mafi nisa da masta zuwa mafi kusa. A saita shu na baya ma, domin shu mai nisa da diram na cinye rabin feda.

Idan feda na da kyau a tsaye amma bayan tafiya sai an taka sau biyu, diski ne ke kaɗa fad baya. Ko dai boris ya yi sako-sako, ko diskin na lilo. Wajen ɗaure boris a matse noti ana juya hob, a sassauta, a mayar da hannu kawai, a sa sabon fil. Lilon diski kada ya wuce milimita 0.1, kuma tsatsa a fuskar hob ta isa ta jawo shi.

Man birki DOT 4 muka fi so a nan: sabonsa ba ya tafasa sai digiri 230 a ma'aunin Celsius, DOT 3 kuwa 205. Yana shan danshi, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu. Ban da DOT 5, na silikon ne, ba ya haɗuwa da waɗannan. Sabon bututu ya zama na birki na ainihi, milimita 4.75, a naɗe bakinsa ninki biyu. Bututun jan ƙarfe zalla tsagewa yake da girgiza.

Tambaya: Tun da na sauya gaba, in babu kaya na taka da ƙarfi baya ke fara kullewa, mota ta juya. In sa diski a bayan ma?

Amsa: Kada ka yi tafiya da ita haka, Malam, wannan ta fi duk sauran haɗari. Ƙarfin man da diski ke nema ya yi wa diram yawa, ga bayan a-kori-kura ba nauyi in ba lodi. Bawul ɗin raba ƙarfi ake sawa a layin baya, ya rage hauhawar matsi in an taka sosai. In mai saiti ne, fara daga mafi ƙarancin ƙarfi, ka gwada a fili marar jama'a, mota ba kaya, gudun kilomita 40. Riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har baya ya fara kullewa, sai ka koma baya da juyi ɗaya. Gaba ne ya kamata ya riga kullewa. Wasu motocin suna da bawul a saman aksil na baya mai sanda da ke auna lodi. In motarka na da shi, a tabbata bai ƙame ba, kuma in an ƙara sifirin ko an ɗaga mota a sake masa saiti.

Diski a baya ba zai warware wannan ba, shi ma sai da bawul. Zai kuma ɗora maka matsalar hanbirki, domin diram ya fi riƙe mota mai lodi a kan tudu, kuma a wasu aksil farantin diram na cikin abin da ke danne boris, in an cire shi sai an cike gurbin kaurinsa daidai.

Sabon diski a wanke man hana tsatsa da ke jikinsa kafin a ɗaura. Sannan a zaunar da fad: daga gudun kilomita 60 a sauko zuwa 10 da matsakaicin taku, sau takwas zuwa goma, ba tare da tsayawa cak ba, sai a yi tafiyar mintuna goma ba a taɓa birki ba don ya huce. Bayan kilomita 100 na farko a sake duba kusoshin maƙala, wasan boris, da duk mahaɗar bututu ko tana naso, a kuma murza sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a ga tiyo bai miƙe ba, bai kuma goga taya ba.