Mu biyar ke sayar da turaren wuta a layinmu, ta yaya zan fita daban?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina haɗa turaren wuta da humra a Zariya. Yanzu a layinmu kaɗai mu biyar ne, kowa na ɗora hoto a WhatsApp. Na rage kuɗi don kada masu saye su gudu, ga shi riba ta tafi. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki fara da daina karya farashi. Wadda araha ta kawo miki, araha ce za ta ɗauke ta ranar da maƙwabciyarki ta rage naira ɗari biyu. Kuma a harkar ƙamshi, araha zargi take jawowa: sai a ce an cika sukari an rage sandal.

Matsalarki ita ce ba ki da laƙabi. Bahaushe ba ya cewa "wata mai abinci", cewa yake "Hajiya mai waina", kuma kowa ya san gidan. A Kano in aka ce kilishi, Agadasawa ke faɗowa a rai. In aka ce humra ta asali, sai a tuna Maiduguri. Dubi Maggi ma: kowane ɗanɗano aka sa a miya, magi muke ce masa, ko wane kamfani ya yi shi. To ke, in mata biyu na hira a gidan suna aka ambace ki, "mai me" za a ce?

Ki duba littafin cinikinki na shekara ukun nan. Su wa suka fi dawowa? In amare ne, ki zama mai turaren amare, ki tsaya a nan: ki haɗa na ɗaki, na kaya, na tsuguno da humra a kwali ɗaya mai shiga akwatin lefe, sannan ki ƙulla da masu gyaran jiki biyu ko uku, domin amarya na kan dilka take tambayar inda za ta samu turare. Za ki rasa wasu masu saye, na sani, amma mai son ta gamsar da kowa ba a tuna ta.

Abin da ke kayar da yawancin masu sana'ar nan shi ne canjin hannu. Yau ƙamshin icen hawi ya fito, wata mai zuwa na icen gabgab ya danne shi. Ki sayi ƙaramin sikeli, ki rubuta awon komai, kwalbar Sallah ƙarama ta zama daidai da ta Sallah babba.

Hotunan da ake kwasowa a intanet kuwa, ki bar su. Ki nuna hannunki kina soya farcen haɗa turare, hayaƙi na tashi daga kasko. Ba sai kin nuna fuska ba.

Suna ɗaya za ki riƙe a kwalba da leda da shafinki. In ya fara karɓuwa ki yi masa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, kuma kafin ki kai humra manyan kantuna ki nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, don kayan shafawa a ƙarƙashinta suke.