Amsar tambayar Alhaji kan wayar gini, singil ko fuleks

Salamu alaikum jama'ar gida. Alhaji na ji muryarka tun da safe, ina wurin aiki a Asawase ne shi ya sa sai yanzu. Ka ce yaron da ke maka wayarin a ginin Aboabo ya ce a sayo fuleks a ja duk gidan wai ta fi saurin shiga fayif. To Alhaji don Allah kar ka yarda.

Ka ga singil ɗin nan sili ɗaya ce mai kauri, in ka lanƙwasa ta nan take tsayawa, in ka ɗaure ta da noti a bayan soket ta kama gam shekara da shekaru, ita ce ta bango. Amma ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya sai ta karye, shi ya sa ba a sa ta a abin da ke motsi. Fuleks kuwa siraran zare ne kamar gashi, ta dutsen guga ce da fanka da injin walda da batirin inbata. Akwai kuma mai sili bakwai, ita ma ta gini ce, in ka kai kaurin waya lamba 4 ko 6 na esi mai sanyaya ɗaki da kukar girki ta lantarki yawanci ita za ka samu, fitilu 1.5, soket 2.5.

Inda fuleks ke cutar mutum a baki ne, wurin ɗauri. Na taɓa buɗe soket a shagon wata mai firiza, noti ya kama rabin zaren rabi ya watse gefe, duk wutar ta taru kan 'yan silin da suka rage, robar ta narke ta yi baƙi ƙirin, Allah ne ya kiyaye wallahi da a ce da dare abin ya tashi da shagon ya tafi. In dole sai fuleks a matse mata hular ƙarfe a baki, kuma kar a shafa mata dalma a sa ƙarƙashin noti, dalma tana saki a hankali ɗaurin ya kwance.

Sannan in za ka saya a kasuwar Adum a nan Kumasi ka tafi da reza, ka fere bakin wayar ka kankare, in cikin ya fito fari to alminiyam ne aka yi wa rigar jan ƙarfe, wutar da yake ɗauka kusan kashi 60 ne na ta jan ƙarfe, kuma za ka ji nadin ba nauyi a hannu. Muna da masu yin waya nan Ghana a Tema, irin su Tropical Cable da Nexans Kabelmetal, nemi dilansu.

Kuma ka tambayi yaron yana da takardar Energy Commission, hukumar da ke ba masu wayarin lasisi? Tun dokar wayarin ta 2011 sai mai lasisi ya sa hannu kafin ECG, kamfanin wuta, su ba ka mita. Gobe bayan la'asar in sha Allahu zan biyo in ga fayif ɗin da ya binne, kar a sayi komai tukuna.