Taliyar Koriya: Kafin Ki Tura wa Ɗan Yayanki Kuɗi

Wata Hajiya mai shagon kayan masarufi a Kano ta rubuto cewa 'yan mata masu kallon fina-finan Koriya ta Kudu sun dame ta da tambayar taliyar Buldak. Ɗan yayanta da ke karatu a birnin Busan na Koriya ta Kudu ya ce ta tura masa naira miliyan uku ya sayo mata, kuma ya tabbatar mata kuɗin zai ninka cikin wata guda. Tana son sanin ko ta tura.

Hajiya, kada ki tura. Buƙatar da kike gani gaskiya ce, domin taliyar nan da kamfanin Samyang ya fito da ita a 2012 ta bi fina-finai da wayoyin hannu ta shiga ƙasashe da dama. Kuskurenki ɗaya ne: kin mayar da ɗalibi dillali don kawai jininki ne. Ban zarge shi da rashin amana ba, amma yaron zai shiga kanti ne ya sayo irin wadda mutanen Koriya ke ci, alhali wadda ake yi wa kasuwannin Musulmi daban take, da tambarin halal a jikin leda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2017 hukumar abinci ta Indonesiya ta janye nau'o'in taliyar Koriya huɗu daga kasuwa saboda an sami alamar naman alade a cikinsu. Ki yi tunanin irin wannan magana ta fita a unguwarku da sunan shagonki. Ba taliyar kaɗai za a ƙaurace wa ba, har sukari da madarar da kike sayarwa.

Na taɓa zama da wani ɗan kasuwa da ya yi irin wannan aike ta hannun ƙaninsa. Kayan suka iso babu lambar NAFDAC, suka yi watanni a tsare, da aka sake su kuma saura kaɗan wa'adinsu ya ƙare, dole ya karyar da su ƙasa da kuɗin saye. Babu rasit, babu rubutacciyar yarjejeniya, don haka ya rasa wanda zai tuhuma, kuma har yau zumuncin gidan bai koma daidai ba.

Maganar ninki cikin wata guda kuwa, ba na son jin ta. Idan aka cire kuɗin jirgi, harajin kwastam da faɗuwar naira, wanda ya tsira da ribar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ya gode wa Allah.

Ki nemi dillali mai rajista a Legas ko Abuja, ki ɗauki katan biyu ko uku, ki duba tambarin halal, lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi da idonki. Sannan ki rubuta a littafi duk ledar da ta fita tsawon wata uku, musamman waɗanda suka dawo suka sake saye, domin yarinyar da ta ɗanɗana sau ɗaya don ta gani a fim ba ta zama abokiyar ciniki ba tukuna. Idan littafin ya cika, ki sake rubuto mini mu duba shi tare.